Mai Firij

A unguwarsu Mai Firij ake ce mata, kuma surukarta ce ta jawo mata sunan.

Aikinta a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ne. Akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da ke rataye daga rufi, cikinta ya fi ko'ina sanyi, malaman wurin firij suke ce mata. A can ƙasanta ake ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe kamar farce. Idan ya yi sanyi sosai, lantarki na ratsa shi ba abin da ke tare shi, da shi kuma malaman ke sarrafa igiyoyin maikirowef, su tsayar, su saki, su karkatar. Ita ce mai lanƙwasa wayoyin da ke sauka zuwa gare shi, ta ɗaure kowace da hannu. Sai a rufe tukunyar a jira kwanaki. In waya ɗaya ta saki, a ɗumama, a buɗe, ta sake.

Ta yi wa surukar wannan bayani tun tana amarya. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta riƙe kalma biyu: firij da maikirowef.

Kafin wata ya ƙare, maƙwabta sun cika mata baranda da matattun firij da maikirowef na ɗumama abinci. Ta ce ba ta iya ba, aka ce kunya ce irin ta amare. Mijinta ya ce shi ba ya shiga tsakanin mace da sana'arta.

Da baranda ta cika har ba hanyar wucewa, sai ta je wurin wani tsoho mai gyaran firij a bakin titi, ta riƙa zama a bencinsa duk Asabar. Ya tambaye ta nata firijin me yake sanyayawa.

"Abu ɗaya, kamar farce," ta ce.

"Ana ci?"

"Ba a ci."

Bai sake tambaya ba, ya miƙa mata filaya.

Haka ta yi shekaru, ranakun mako a jami'a, ƙarshen mako a baranda. Shekarar da gwajin malaman ya yi nasara, aka ɗauki hoto a gaban tukunyar. Tana can baya tana ɗaure waya, gwiwar hannunta kawai ta fito. Ta kawo hoton gida, 'yarta ta zagaye gwiwar da jan biro, aka rataye shi a falo.