Kaskon Wutar Iya Mairo

Yau a zangon Sokode, unguwar Hausawa a ƙasar Togo, mace na iya tashi da safe ta murɗa kan gas, ta dafa shayi ta sha, har rana ta take ba ta ga fuskar maƙwabciyarta ba. A ƙuruciyarmu ba haka gari ke wayewa ba. Ina tune da wata safiyar Litinin, a daminar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ruwa ya kwana yana zuba, murhun gidanmu ya mutu murus. Kakata ta wajen uba, Iya Mairo, ta idar da lazimi, ta ɗauki ɗan kaskonta mai ɓallin baki, ta zungure ni da ƙafa tana cewa, "Tashi, mai ƙafar sauro, barcinki ba zai hura mana wuta ba." Muka fita cikin taɓo, muna tsallake ruɓaɓɓen mangwaron da iska ta kakkaɓo, ita a gaba, ni a baya ina riƙe da gefen zanenta.

Gidan farko na Iya Fusena ne, tsohuwar Kotokoli mai sayar da doya. Kafin a yi zancen garwashi sai su durƙusa su gaisa da Tem, yaren Kotokoli, gaisuwar da ba ta ƙarewa: kwana, gajiya, yara, sanyin ruwa, ciwon gwiwa. Daga nan su koma Hausa su ɗora hira. Hausawa kan ce da mai gaggawa kamar wanda ya zo ɗiban wuta, amma wanda ya fara faɗin haka bai san kakata ba. Sau da yawa garwashin kan mutu a cikin kasko saboda tsawon zance, sai mu shiga gida na biyu a sake ɗiba, a sake zama. Ranar da murhunmu ya kwana da rai kuma, su tsofaffin ne ke zuwa wurinmu da nasu kasake. Na san akwai ashana a ƙasan akwatin kakata, don ni ke ninke mata kaya. Da na tambaye ta, sai ta ce ashana ba ta amsa sallama. Tana kuma yawan cewa, "Gidan da hayaƙi bai tashi ba, a leƙa." Ta haka suka taɓa samun wata tsohuwa kwance da zazzaɓi, ba mai miƙa mata ko ruwa.

Ina aji uku aka yi wa babanmu canjin wurin aiki zuwa Dapaong. Akawu ne a ofishin gona, mutum mai son mahaifiyarsa ƙwarai. Ya ce ba zai bar ta tana fama da itace da rijiya ba alhali Allah ya hore masa. Gidan da aka ba mu na siminti ne, da katanga doguwa da ƙofar ƙarfe, ga famfo a tsakar gida. Ya sayo risho, ya sayo ashana katan guda, ya ajiye a gabanta yana murna. Ya ce, "Iya, kin huta. Daga yau uwar ma'aikaci ba ta yawon roƙon wuta." Ta yi masa addu'a, ta tura kaskon ƙarƙashin gado.

Ni kam garin ya karɓe ni. A filin lakwal muna ampe, wasan tsalle da tafi, har ƙafa ta yi zafi, in an tashi mu bi gindin duwatsu muna tsintar kaɗanya, muna korar zabin mutane. Kafin wata uku bakina ya kama yaren Moba, mutanen garin. In na dawo sai in tarar da Iya inda na bar ta, a kan tabarma, ta jingina da bango, carbi a hannu amma ba ta ja. Ta daina tsokanata. Tuwon da aka kai mata sai ya dawo an gutsuri gefe kawai. Baba ya ɗauka sakwarar Sokode take kewa, ya sa direbobi suka riƙa kawo doya, ni da Innarmu muna daka, duk a banza. Aka kai ta asibiti, likita ya duba ya ce jikinta lafiya, tsufa ne. Wata rana na ji Inna tana faɗa wa Baba a hankali cewa in aka ci gaba a haka, tsohuwar nan ba za ta ga kaka ba. Ranar na kasa cin abinci, domin tun da aka yaye ni a bayanta nake kwana.

Inna ce ta gane. Wata safiya bayan Baba ya tafi aiki, ta kwashe ashanar gidan kaf ta zuba a tukunya ta rufe, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakin surukarta. Ta ce, "Iya, ashana ta sha sanyi, ga yara ba su karya ba. Ni kuwa ban san kowa a unguwar nan ba." Iya ta dube ta. Na tabbata ta san ƙarya ce, don ita ta koya mana ajiye ashana a gwangwani. Can sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke mai bakin aku, jawo min kaskon nan. Yau dai surutunki zai yi rana."

Bayan katangarmu akwai wani gidan Moba, ɗakunan ƙasa zagayayyu da rumbuna, kullum hayaƙi na tashi domin matan gidan burkutu suke dafawa na kasuwa. Muka tarar da wata tsohuwa siririya, Damigu, tana ɓarar gyaɗa. Na faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta yi dariya har da tafawa, ta ce wata biyar tana jin tarin tsohuwa ta bayan bango, ta zaci kurkuku ne. Ta cika kaskon da garwashi, sannan ta tura wa Iya kujera 'yar tsugune da kwaryar gyaɗa. Na yi ta fassara har na gaji na tafi wasa. Da na dawo, kowace na zuba zance da yarenta, suna nuna wa juna gwiwa da baya, suna gyaɗa kai. Sai wajen hantsi muka koma gida, garwashin ya zama toka.

Kwana goma ana haka kafin Baba ya sani. Ya dawo ɗaukar wata takarda, bai ga mahaifiyarsa ba, aka nuna masa gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa ransa a ɓace, ya ce me mutanen masallaci za su ce in sun ji uwarsa na wuni a gidan giya. Iya ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wutar da ta dafa giyarsu ita ta dama kokon da ka sha ɗazu. Ya bugar da kai?" Baba ya daɗe yana kallonta, ga ɓawon gyaɗa ya cika mata cinya, ga dafaffen wake a gefe ta cinye rabi. Washegari ya sa aka fara cire sakatar ƙofar ƙarfen da rana. Iya ta ƙara damina huɗu a duniya. Ranar da ta rasu, Damigu ta zauna cikin matan zangon Dapaong kwana uku, ba ta jin ko kalma ɗaya ta addu'ar da ake yi.

Daga baya fataucin atamfa ya kai ni Lome da Kumasi da Yamai da Wagadugu, na kuma yi shekara biyu wurin ɗana a Jamus. Ko'ina na lura da tsofaffi. A Kumasi na ga masu zuwa aron turmi alhali nasu na jingine a gida. A Jamus na zauna a ɗaki mai ɗumi, ba abin da na rasa, tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tamu kuwa ban taɓa sanin sunanta ba, don ba ni da abin da zan roƙa a wurinta. Yanzu na dawo Sokode, na haura shekarun da Iya ta bar duniya a kansu. Jikokina suna kira na ta waya daga ƙasashe uku, ina kuma jin daɗin haka. Amma sa'o'ina na zango sai suna ko rasuwa ke haɗa mu. A da buƙata ce ke kai mu gidan juna kowace safiya, zumunci ya biyo bayanta. Buƙatar ta kau, ba kuma za ta dawo ba.