Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Mai Fenti ya tsufa a shagonsa na bakin titi, kuma tunda yake bai taɓa karɓar kayan da ya sayar ba. Ka dawo masa da gwangwani ka ce fentin ya tsinke, sai ya sauke tabarau ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Hannun mai shafa ne, ɗana." Har ƙanin matarsa ya sha wannan amsar.

Alhali shi ya san inda tsinkewar ta fito. Duk kayan da suka iso, sai ya ja su ɗakin baya, ya ɓalle murfi, ya kwashi kofi guda, ya cike gurbin da ruwan famfo, ya mayar da murfin da guduma a hankali. Wai shi nan dabarar kasuwanci ce. Mutum da furfurarsa!

Ana nan wani ɗan kwangila ya nemi fentin da zai ishi bene guda. Mai Fenti ya tattara jarinsa kaf, ya jingina shagon, ya sauke mota guda daga kamfani. Ko gwangwani ɗaya bai tsira daga kofin nan ba.

Fenti ya ƙi bushewa. Ka taɓa bango, ya biyo hannunka. Ɗan kwangila ya dawo da kayan, ya jibge a ƙofar shago.

"Hannun mai shafa..."

"Baba, ba abin da muka yi da kai ke nan ba. Ban karɓa ba."

Nan take Mai Fenti ya kira kamfani. Ashe laifin nasu ne, haɗin ne ya ɓaci tun daga can. Suka turo wakili da mota, za su kwashe su canza masa.

Wakilin ya ɗauki gwangwani, ya shafa bakin murfin, ya ɗauki wani, ya ɗauki na uku.

"Baba, wa ya buɗe waɗannan?"

"Haka suka zo."

"Mu ba ma rufe kayanmu da guduma. Abin da muka kawo shi za mu karɓa, wannan kuwa ba shi ba ne."

Motar ta juya wayam. Yau mai wanki da guga ne a shagon. Mai Fenti yana gida, gwangwanaye jibge har cikin kicin ɗin matarsa, duk wanda ya je gaishe shi sai ya zaunar da shi ya gaya masa amana ta ƙare a duniya.