Yadda Na Yi Gadin Malam a Argungu

Ana sallame sallar asuba munka bar unguwarmu Gesse a Birnin Kebbi, ni da Malam da babban ɗanmu da ke tuƙi. Waɗanda sunka san ni za su yi mamaki, don ni ko kasuwa sai in yi wata ban leƙa ba. To ba sha'awar bikin kamun kifi ta fitar da ni ba. Malam na bi.

Malam mutumin Gulma ne, cikin ruwa ya girma, kuma da ƙuruciya ba a yin bikin nan bai faɗa kogi ba. Bara ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ya ce ko guga kada ya ja. Maƙwabciyarmu 'yar Filato, wadda take aikin asibiti, ita ke auna masa jini. Ta ja ni gefe ta ce, "Mama, gudu da ruwan sanyi, ko ɗaya kada ki bari." Sai ga mutum ya tashi wai za shi kallo. Kallo kawai. Na ce da ni za a je. Ya ce rana za ta dame ni. Ɗan ya ce cunkoso zai dame ni. Da na ji bakinsu ya zo ɗaya, sai na jawo mayafina.

Hanya ba laifi, sai ramuka nan da can bayan Ambursa. Fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa sai kuka suke yi. Motoci duk gaba ɗaya sunka nufa, wasu da homa ɗaure a sama, wato tarun nan na hannu, ga samari a kan babura kowa rungume da goransa na iyo. Duk wanda munka wuce, sai Malam ya juya wuya ya raka shi da ido.

Muna faɗawa wani rami na ji abu a but ɗin mota ya ce ƙwal. Na ce mi ne ne wanga? Malam ya ce albasa ce zai kai wa 'yan uwa. Jama'a, wa ke kai albasa Argungu? Ga ta nan tuli-tuli bakin hanya kamar a roƙe ka ka ɗiba. Kuma ni da na tsufa cikin ƙore, na san kukan abin da cikinsa fayau ne. Na kalli ɗan ta madubi, ya mai da ido kan titi kamar yau ya fara tuƙi.

Argungu ta cika har ta rasa inda za ta sa mutane. Ɗan gari ne mai tsohon tarihi, lungunansa ba a yi su don motoci ba, amma ranar har zaurukan mutane sun zama masauki. Komai ya ƙara kuɗi, ruwan leda ma ya ninka. Munka karya da masa mai zafi, ita kam ta yi daɗi. Mai soyayyen kifi ta rantse mini na kogi ne, na kai hanci na ji ƙanƙara, na mai da mata abinta. Wani kuma ya bi mu da ƙullin magani wai mai kiran kifi. Na ɗaure jakata a gaba.

Da munka ajiye mota, Malam ya ce in bi yaron ya kai ni inuwa, shi zai gaisa da abokai. Na ce a buɗe but tukuna. Anka tsaya kallon juna. Da anka buɗe, ga gora cikin buhu, ga homa naɗe cikin tsohuwar tabarma. Na duba ƙafar Malam, ashe gajeren wando ne ƙarƙashin babbar riga.

"Hajiya, na ɗan ƙanena ne."

"To Allah shi kawo shi, Malam. Ina riƙe mai."

Na ɗora buhun a ka, na bi bayansa. Kuma duk yinin nan ban ga ɗan ƙanen ba.

A bakin kogin Matan Fada ban taɓa ganin maza da yawa haka ba. An tsai da su nesa da ruwa, kowa homa a hannu, makaɗa cikin kwale-kwale suna ta zuga su. Ana harba bindiga sunka kwasa zuwa ruwa, ƙasa ta girgiza. Na ji rigar Malam ta motsa, na damƙe bakinta da hannu biyu. Wani tsoho sa'ansa ya wuce a guje, haƙarƙari duk a waje, ya waiwayo ya ce, "Kai! Yau cikin mata ka koma?" Ƙafar Malam dai na gani tana haƙa rairayi.

Can ya fara yi mini bayani ba tare da ya dube ni ba. Wancan ya yi gaggawa. Waɗancan sun bar gurbi mai zurfi a baya. Ki duba can, za a yi babban kamu. Ba a jima ba kuwa anka ɗago giwan ruwa daga daidai wurin, maza na rirriƙe da ita zuwa ma'auni, ihu ya tashi. Kowa na tafi, shi ya haɗa hannu a baya.

Da anka fito, ruwan ya koma kamar kunu. Ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ko ƙafa in jiƙa." Na yi tunanin ko wata dabarar ce. Sannan na miƙa wa ɗanmu buhun, na ce in ya ajiye shi ban yafe ba. Munka gangara tare. Malam ya shiga har ƙwauri, ina riƙe da rigar, ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska, ya daɗe tsaye. Ban ce masa ya yi sauri ba.

Munka sayi bandar kifi, munka kamo hanya. Har Birnin Kebbi ko rediyo Malam bai kunna ba. Kafin magariba muna gida, maƙwabciyarmu ta auna shi ta ce lafiya lau. Na gode Allah na dawo da mijina da numfashinsa, kuma ko yau anka sake haka zan yi. Sai dai tafiyar ta nuna mini abin da ban sani ba ina zaune cikin ɗaki: mutumin da nake ba magani safe da yamma, akwai wurin da yake wani ne daban, kuma ni na riƙe shi a gaban sa'o'insa. Wannan bai yi mini daɗi ba.

Ya yi kwanaki yana fushi, sannan jiya ya sauko. Har tsire ya shigo mini da shi. Ina cikin ci ya ce ya lura na daɗe ban ga ɗiyarmu ta Sakkwato ba, baɗi war haka ya kamata in je in yi mata kamar sati biyu, shi zai biya mota.

Na ce to, Malam. Tare za mu.