Jitar Da Aka Ba Ni Ajiya

A unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan, ni ake ba ajiya. Ban yi makaranta ba, ban san baƙi ba, amma idan mace za ta ƙauye biki, ni take kawo wa makullin ɗakinta. Ba ni da fara'a, na sani, yara ma kan sauya hanya in sun hango ni. To amma abin da aka ba ni, yadda ya zo haka yake komawa. Ba ni da babbar gona, ba ni da ɗa mai aikin gwamnati. Wannan sunan shi ne abin da na mallaka.

Maƙwabcinmu wani Ibo ne, makanike a reluwe, mijina kuma lebura a kan layin dogo. Ran Asabar makaniken yakan ajiye sifana ya ɗauki jita, su yi kiɗa da abokansa a kulob ɗin ma'aikata. Jitarsa ba ƙaramar nan ba ce mai kukan sauro. Doguwa ce, ga nauyi, tsirkiyarta huɗu masu kauri, suna ce mata bes. Ba da kunne kaɗai ake jin ta ba, har a ƙirji. Da gari ya rikice kafin yaƙin basasa, mutanen gabas suka tattara za su gudu, ya shigo gidanmu da ita a rungume.

Ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, kai zan ba. In na dawo, to. In ban dawo ba, kar ka ba kowa."

Na ce ya tafi, Allah ya tsare hanya.

Na naɗe ta da zane, na ɗora a kan bulo a ƙarƙashin gado saboda gara. Da damina nakan fito da ita ta sha iska. Tsirkiyoyin ina shafa musu man keken ɗinki don kada tsatsa ta ci su. A jikinta, daidai inda yake sa yatsa, akwai wani murfin ƙarfe mai walƙiya da ya rufe tsirkiyoyin. Wannan murfin na fi ba ƙarfi, don a ganina shi ne ya fi komai tsada. Da tankaɗaɗɗiyar toka nake goge shi har sai na ga fuskata a ciki.

A gidan akwai ƙanin mijina. Yana ƙarami uwarsu ta rasu aka kawo mini shi, ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya a ƙafa. Ya yi makarantar mishan a Kagoro, ya fito malami, kowa na ce masa Ticha, shi ne kuma shugaban mawaƙa a majami'armu. Duk ranar da na fito da jitar sai ya zagayo.

"Matarmu, wannan fa ba doya ba ce da za a binne. Jita in ba a taɓa ta mutuwa take yi."

"Ta mutu a hannuna, ya fi ta rayu a naka."

Sai ya yi dariya ya ce ni soja ce aka manta ba a ba ni kaki ba. Wani lokaci nakan bar shi ya murɗa kunnuwanta, ina zaune ina kallon yatsunsa. Wata Alhamis bayan an gama yaƙi, lokacin ba mu da labarin makaniken, ina shirin tafiya taron zumuntar mata a majami'a, mijina ya ce in bar jitar a waje, shi yana gida, zai sa ido. Na dawo na duba ta sama da ƙasa. Tsirkiya huɗu suna nan, kunnuwa suna nan, murfi yana walƙiya. Na naɗe na mayar.

Sai ga makaniken ya dawo, a rame, gashi ya yi fari, an mai da shi bakin aikinsa. Ya bi gidajen da ya bar kaya. Wanda ya bar wa keken ɗinkin matarsa ya ce ɓarayi sun shiga. Wanda ya bar wa gado ya ce gara ta ci. Da ya iso wurina ko tambaya bai yi ba, gaisuwa kawai ya zo. Na shiga ɗaki na fito da jitar na warware zanen a tsakar gida, maƙwabta na kallo. Mutumin nan ya durƙusa ya kifa goshinsa a kan jitar yana kuka. Wata mata ta ce, "Ai dama in Mama ce, ko allura ka bari za ka samu." Na ji daɗi ƙwarai.

Washegari ya ce zai kai ta wurin mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, shi ke da amfilifaya, akwatin nan da ake jona jita da shi murya ta fito. Na ɗaura ɗankwali na bi shi. Shekaru ina kwana a kanta, ina so in ji ta yi magana.

Shagon cike yake da samarin kiɗa, nan suke zaman hira. Da suka ga jitar suka yo kanta. Wani ya ja tsirkiya ɗaya ya saki.

"Kai! Ta da ce, mai santsi. Yanzu sai mai kaushi ake kawowa daga Jos, wata biyu ta cinye maka yatsa."

"Yatsanka ne na mata," in ji wani. "Oga, nawa za ka sayar?"

"Ka sayar mini da uwarka tukuna," in ji makaniken, aka kwashe da dariya.

Mai gyaran rediyo shi kaɗai bai yi dariya ba. Na lura tun shigowarmu yake kallon ƙasa. Ya jona waya, ya ɗaura akwatin da batirin mota, ya murɗa. Makaniken ya goge hannu a wando, ya ja babbar tsirkiya. Babu komai, sai ɗan ƙaran tsirkiyar kanta, kamar ƙuda a cikin kwalba. Aka sauya waya. Aka bubbuga akwati. Aka jona jitar wani yaro, ta yi ƙara har awaki suka watse a waje. Aka mayar da tasa, shiru.

Makaniken ya karɓi sukurudireba ya kwance murfin nan da nake gogewa. A ƙarƙashinsa rami ne. Nan ne wai mazaunin wani ɗan baƙin ƙarfe mai maganaɗiso da ake kira fikof, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa akwati. In babu shi, jitar itace ce kawai. An yanke wayoyinsa, an cusa tsumma a ramin don kada murfin ya yi kwaram. Ya jawo tsumman ya warware. Yankin tsohon zanena ne, mai zanen ganye, duk unguwa ta san ni da shi.

Mai gyaran rediyo ya ce a hankali, "Mama, ni na ɗauka kin gaya masa tun a gida."

"In gaya masa me?"

"Ticha ne ya kawo shi bara waccan. Ya ce ke kika aiko, mai jitar ya mutu a yaƙi, kina bukata. Ni na ɗaura wa masu kiɗan otal a tasu."

Na dubi samarin nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi mamaki. Ashe duk sun sani. Ashe ina wucewa ta bakin kasuwa da kwandona ina ɗaure fuska, su suna cewa ga tsohuwar da ta kwashe cikin jitar Ibo. Makaniken ya ninke tsumman ya miƙo mini da hannu biyu, ya ɗauki jitarsa ya fita.

A gida na tarar da mijina yana wanke ƙafa. Na jefa masa tsumman. Bai ko tambayi mene ne ba, nan na gane.

"Kana zaune aka yi?"

"Yaro yana neman aure, ba shi da ko keke. Mun ɗauka mutumin ya mutu."

"To me ya sa ba ku ce ku ne ba? Me ya sa sai sunana?"

"In ba a ce ke ba, wa zai saya? Kowa ya san a hannunki take."

Ticha ya dawo daga makaranta a kan keken da ya saya bara waccan, ya jingine shi. Yau bai ce mini matarmu ba, sai Yaya. Na ce ya wuce gabana mu je gidan makaniken ya faɗa da bakinsa. Ya durƙusa ya kama ƙafata.

"Yaya, in fasto ya ji, an cire ni daga mawaƙa. In 'yan mishan suka ji, aikin ya tafi. Iyayen yarinyar da nake nema kuma dattawan ikilisiya ne."

Mijina ya ce, "Ke wa zai kore ki daga aiki? Ki rufa wa gidan nan asiri. Magana ce, za ta wuce."

Na ce ina jira. Na ba shi har Lahadi. Lahadi ta zo, ya tsaya a gaban majami'a da farar riga yana kaɗa hannu, mawaƙa na bin sa. Bai je ba. Wata Lahadin ma haka.

Na ce to, tunda a hannuna abu ya ɓace, ni zan mayar. Na je otal ɗin da rana tsaka, ni da ban taɓa taka ƙofarsa ba, na sami masu kiɗan suna gwaji. Na ce su sayar mini da ƙarfen nan. Mai bes ɗinsu, wani dogo da gashi kamar kwando, ya rungume jitarsa.

"Haba Mama! Wannan fikof ɗin ne abincinmu. Irinsa ba ya zuwa kuma. Na yanzu murya gare su kamar an toshe hanci. Kin sayar, kin sayar."

"Ban sayar ba."

"To, Mama," ya ce, yana kallon abokansa.

Ina da citta da na shanya, wadda nake jira ta yi daraja. Na kwashe ta duka na kai kasuwa tun lokacinta bai yi ba. Na ba mai gyaran rediyo kuɗin, ya yi saƙo wurin wani ɗan kasuwa mai zuwa Onitsha. Aka kawo fikof ɗan Japan a cikin ƙaramin kwali, da sababbin tsirkiyoyi, don wai man keken da nake shafawa ya kashe muryar na da. Wannan ma sai a lokacin na ji. Na ɗauki kwalin da kaina na kai wa makaniken.

Ya buɗe, ya jujjuya shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Mama, na san zuciyarka ba zai bar ka ba. Ticha ya zo ya gaya mini komai."

"Me ya gaya maka?"

"Ya ce lokacin da wuya, babu abinci a gida, in yi maka haƙuri. Ya ce shi yana ta maka magana ka mayar. Yaron kirki ne."

Na ce, "Ka saurare ni da kyau. Shi ya kwance, shi ya sayar, wansa na zaune. Keken da yake hawa, jitarka ce."

Ya yi ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya, ya dafa hannuna.

"Mama, bari. Mu da muka ga yaƙi, mun ga abin da yunwa ke sa mutum. Na yafe. Kar ka sa yaro a ciki."

Sai a nan na ga abin da na yi wa kaina. A garin nan babu mai sayar da cittarsa ya biya abin da bai ci ba. Da na zauna na yi shiru, da wataƙila wasu sun yi shakka. Da na biya, magana ta zauna. A zumuntar mata, matar fasto ta riƙe hannuna ta ce sama tana murna da mai tuba. Na zare hannuna. Matar da ta ce ko allura aka bari za a samu, da za ta Zangon Kataf jana'iza, na gan ta ta wuce ƙofata da makullinta a hannu, ta gaishe ni da kyau, ta shiga gida na gaba.

Da kaka aka ɗaura auren Ticha. Makaniken ya kawo abokansa suka yi kiɗa kyauta, wai don godiya ga yaron da ya tsaya masa. Ni na dafa shinkafar bikin, don ni ce uwar ango, babu wata. Ina can baya a bakin murhu, jitar tana bugu ta cikin bango. Wata yarinya ta leƙo ta ce ango na kira, a zo a ɗauki hoto da uwarsa.

Na ce ta gaya masa uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, ni mai dafa abinci ce.