Ƙadangaren da Ƙanena Ya Kawo Min Gida

Autanmu ne ya kawo min ƙadangaren nan gida. Yana shekarar ƙarshe a jami'a a Kano, yana karatun harshe, da aka yi dogon hutu sai ya ce a wurina zai zauna a Karaye, don a gidanmu na Kafin Dafga ba wutar da zai riƙa cajin kwamfutarsa. Mu kuwa maigidana ya sa mana sola. Na share masa ɗakin zaure, na ce ya zo.

Kundin kammala digirinsa yake rubutawa. Da na tambaye shi a kan me, sai ya buɗe kwamfutar ya nuna min wani katun na yara da ake sawa a talabijin, wanda aka juya zuwa Hausa. Ƙadangare ne kore, sanye da 'yar falmaran, yana zaune a gida ɗaya da wani tsohon kunkuru da wata akuya.

Na ce, "Shekarun nan da Baba ya yi yana sayar da gyaɗa yana tura maka, a kan ƙadangare za su ƙare?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba ƙadangaren nake nazari ba, maganarsa. Abin da yake furtawa daban, abin da yake nufi daban. Yadda masu sauraronsa suke gane nufinsa, shi ne aikina."

Ni malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, don haka na zauna na kalla, kuma tun ranar na tsani halittar nan. Idan kunkuru ya ce masa ina kwana, ba ya amsawa, sai ya ce, "Me ka kawo min?" Ba ya taɓa roƙon abu kai tsaye. Idan yana son wurin da akuya take kwance, sai ya tsaya a kanta yana cewa, "Kai, wasu dai sun more inuwa," har sai kunya ta tashe ta. Idan zai aiki mutum, godiya yake fara yi: "Na gode da za ka ɗebo min ruwa." Ta ina za ka ce a'a bayan an riga an gode maka? Ana yi masa magana yana ta gyaɗa kai kamar mai saurare, ana gamawa ya ɗauko wani zance dabam. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake zagi. Cikin tambaya yake naɗe shi, idan ran mutum ya ɓaci sai ya ware idanu ya ce, "Tambaya kawai na yi." Nan take sai a saki sautin dariyar mutane, wato a sanar da yaro cewa abin da ya ji yanzu abin burgewa ne.

Ƙanena kuwa sha'awa abin yake ba shi. Ya kunna wuri ɗaya ya maimaita, ya tsayar, ya rubuta, ya sake kunnawa. Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida ya leƙo ya ce, "Yaya, kin ga gwanintar? Bai taɓa faɗin kalmar da za a kama shi da ita ba. Mai sauraro ne yake ƙarasa zagin da kansa."

Na ce, "Ba gwaninta ba ce, tsoro ne da rashin kunya suka haɗu. Mai zagi baki da baki ya fi shi, don ya tsaya a kan maganarsa."

Ya ce, "Ai mu ba ma yanke hukunci, bayyanawa kawai muke yi."

Na ce ya bayyana da abin sawa a kunne, kada in ƙara jin muryar nan a tsakar gidana. Ya ce to. Amma ina fita makaranta da rana, 'yata ta fari, wadda lokacin take aji uku a firamare, sai ta je ta zauna kusa da kawunta. Ya ce ba zai iya korar ta ba.

Da aka fara cirar gyaɗa muka tafi Beli gaida dangin maigidana. Yana da yaya mace wadda ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, duk muna ce mata Gwaggo. A da mace ce mai hira, idan ta fara ba da labari har maƙwabta ke shigowa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, ya taɓa harshenta. Ta samu sauƙi, tana magana, amma kalma ɗaya-ɗaya take fita, da ƙyar.

Muka same ta a rumfa, matan gidan suna kewaye da ita suna tsinkar gyaɗa. Ta yi murna ƙwarai. Ta kama hannun 'yata tana son ta tambaye ta makaranta. Ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, kowa ya yi shiru yana jira kamar yadda aka saba yi mata. Yarinyar nan ta tsaya tana gyaɗa kai, tana gyaɗa kai, sannan ta ce:

"Gwaggo, kin kusa gama maganar, ko in je in dawo?"

Na san inda ta samo maganar nan. Haka ƙadangaren yake ce wa kunkuru. Na daka mata tsawa, sai ta juyo ta ware min idanu ta ce, "Umma, tambaya kawai na yi."

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ta saki hannunta a hankali, ta jawo mayafi ta rufe gefen bakinta. Na sa yarinyar ta durƙusa ta ba da haƙuri, tana kuka ba ta ma san me ta yi ba. Gwaggo ta ɗaga hannu alamar ya wuce, amma har muka bar garin da la'asar ba ta ƙara furta komai ba.

Muna isowa na wuce ɗakin zaure, ko mayafi ban cire ba, na faɗa wa ƙanena abin da ya faru. Fuskarsa ta canja, ya ce bai ji daɗi ba, na kuma yarda bai ji ba. Amma sai ya ce:

"Yaya, da ta faɗi hakan, me Gwaggo ta mayar?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba."

Ya ce, "To ai shirun ma amsa ce. Da za ki yarda in sa wannan a babi na huɗu, ba tare da suna ba..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce ya haɗa kayansa, gobe da safe ya kama hanyar Kafin Dafga. Ya ce ban fahimce shi ba. Na ce na fahimta sarai, ai shi ya koya min duba abin da mutum yake nufi.

Ya tafi. Mahaifiyarmu ta kira ni ta yi min faɗa, ta ce ba a korar ɗan'uwa a kan wasan yara. Na saurare ta har ta gama, na ba ta haƙuri, amma ban ce ya dawo ba. A shagon wani mai cajin waya ya ƙarasa rubutunsa, na ji an ce malamansa sun yaba. Ya aiko min da kwafi, na ba maigidana ya ajiye.

'Yata ta daɗe kafin bakinta ya gyaru. Duk lokacin da ta gode min kafin in yi abu, sai in ƙi yi, in ce ta roƙa kamar mutum. Mun ci gaba da zuwa Beli, Gwaggo tana karɓar mu da fara'a, tana sa a dafa wa yarinyar gyaɗa ta musamman. Sai dai idan akwai yara a wurin, gaisuwa kawai take amsawa. Sai an kore su waje take juyowa gare ni ta fara hira.