Famfon Baba Shekari

Kafin garin Kakau ya farka, Baba Shekari ya riga ya shiga fadama da bokitinsa yana kamun kwaɗi. Daga nan sai ya hau bas zuwa ɗakin gwaji na makarantarmu ta koyon jinya a Unguwar Boro. A mota ba mai son zama kusa da shi. A unguwa Baba Kwaɗo ake ce masa, wasu har rantsuwa suke tsafi yake yi. Tun rasuwar matarsa Phoebe ba shi da abokin hira sai bokitin nan.

Mu da muka zauna a gabansa mun san aikinsa. Zai cire tsokar ƙafar kwaɗo, ya jiƙa ta da ruwan gishiri, ya ɗaura mata allura mai zane a kan takardar da ya shafe da hayaƙin fitila. Ya taɓa tsokar da lantarki, ta kama, ta saki. Sai ya ɗiga wani magani ya sake taɓawa. Layin ya hau, ya ƙi saukowa da wuri.

"Kun gani?" in ji shi. "Sinadarin kalsiyam ne ke sa tsoka ta kama. Akwai ɗan famfo a ciki da ke kwashe shi ya mayar ma'aji, sannan ta saki. Maganin nan ya toshe famfon. Sakin ma aiki ne."

Bana da sojoji suka miƙa mulki suka koma bariki, ritayarsa ta zo. Ba a ɗauki kowa a madadinsa ba, sito za a mai da ɗakin. Ya roƙa a bar shi ya riƙa zuwa, aka ƙi. Ranar ban kwana mu ƙalilan ne muka je, abin ya ba ni kunya. Bitrus mai kula da sito ya miƙa hannu don karɓar makulli. Baba ya miƙa, amma yatsunsa suka ƙi buɗewa.

"Baba, abeg, saki mana."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Yi haƙuri, ɗana. Famfona ne ya toshe."

Baba, kai ne ka koya mana taɓa abu mai rai da hankali, kuma marasa lafiyarmu ne ke cin amfanin. Mun gode, Allah ya saka.

Ku da ke aikin da ake wa dariya, ku riƙe shi kamar yadda ya riƙe nasa. In kuma hanya ta bi da ku Kakau, ku ratse ku gaishe shi. Har yau yana shiga fadama da asuba, ya cika bokiti, ya zauna bakin ruwa yana sakin kwaɗin ɗaya bayan ɗaya.