Rabin Fuskar Tela

Shekara goma sha tara Darakta ya yi yana shirya fina-finan barkwanci, amma a gidansa ba a san shi da dariya ba. Matarsa takan ce da baƙi, "Kun zo ganin mai sa mutane dariya ko? To ga shi nan zaune, kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa." Shi kuwa sai ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai kan shayinsa.

Asalinsa mai ɗaukar bidiyon biki ne, kuma a nan ya koyi sana'ar ba tare da wani ya koya masa ba. Ya lura in dangi suka taru suna kallon bidiyon, ba abokan ango masu tsalle-tsalle ne ke kashe su da dariya ba. Kawun amarya ne, wanda ya tashi da dukkan girmansa zai yi jawabi, lasifika ta ƙi magana, ya tsaya yana bubbuga ta yana hura mata iska, gumi na bin wuyansa. Tun daga lokacin Darakta ya riƙe abu guda, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya ji shi har ya gaji: "Mai ba da dariya na gaske bai san yana ba da dariya ba. Shi a wurinsa masifa ce ta same shi, yana neman fita da mutuncinsa."

Mutumin da ya dace da wannan magana, a shagon ɗinki ya same shi. Ya kai wando a rage masa tsawo, ya dawo ya tarar an rage ƙafa ɗaya sau biyu, ɗayar ba a taɓa ta ba. Telan ya ɗaga wandon ya duba, ya dubi ƙafafun Darakta, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan cikin tausayawa ya ce, "Malam, tun yaushe kake fama da wannan lalurar?"

Washegari Darakta ya dawo da kyamara.

Daga nan sunan Tela ya bi shi har cikin fim, ko da yake ya daɗe da jingine keken ɗinkin. Fim ashirin da wani abu suka yi tare. Tela ba ya ihu, ba ya sa tufafin mahaukata, ba ya murguɗa baki. Duk jarinsa gira ɗaya ce da yake ɗagawa a hankali, da kuma shirun da yake yi kafin ya ba da amsa. Darakta ne ya gyara masa shirun nan. "In an gaya maka magana, ka ƙirga uku a zuciyarka," yakan ce. "Biyu ya yi sauri, mai kallo bai gama fahimta ba. Huɗu kuma ya riga ka." In za a ɗauki faɗuwa, sai ya sa mai kyamara ya ja baya can nesa, a ga mutum da ɗakin gaba ɗaya. Ya ce in ka matso kusa da fuskar wanda ya faɗi, zafin za a gani, kuma dole mai kallo ya tabbata mutumin nan zai tashi ya kakkaɓe rigarsa, in ba haka ba abin ya tashi daga wasa.

Wata safiya Tela yana karyawa, kofi ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata biyar yana jinya, ya tashi da sanda, bakinsa ya karkace gefe, magana kuma sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Girar nan ta daina motsi.

Darakta bai yi fim ba duk tsawon watannin. Kullum da hantsi yana gidan Tela, yana taya shi matsa ƙwallon roba da likita ya ba shi. Ranar da Tela ya fara taka tsakar gida ba a riƙe shi ba, ya zauna yana haki, ya ce, "Mutumina, yaushe za mu koma aiki?"

"Sai ka warke."

"Iyakar warkewar ke nan. Likita bai ɓoye mini ba."

Darakta ya koma gida ya yi mako biyu yana rubutu. Ya ƙirƙiro masa rawar da za ta rufa masa asiri: mai shagon gyaran agogo wanda ba ya son surutu, yana zaune bayan tebur, a ɗauke shi ta gefen hagu kawai, maganarsa duka ba ta wuce layi shida ba. Ya kai wa furodusa, mutumin da ke zuba kuɗin fina-finansu, wanda kowa ke kira Oga. Oga ya amince nan take.

Ranar ɗauka, a wani ƙaramin shago da suka ara, komai ya tafi daidai har zuwa layi na uku. Wata mata ta kawo agogo ta ce ya tsaya, Tela zai ce mata, "Ki bar shi ya huta." Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Ya sake, ta fito a murɗe. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen kyamara yana ƙoƙari, leɓe na rawa, yawu ya zubo masa a haɓa. Mai riƙe sandar sauti ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Oga, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, har da dafa bango.

"A tsaya!" in ji Darakta. Ya zaro hankici ya goge wa Tela haɓa. "Za mu sake."

"A sake me?" Oga ya matso yana share hawaye. "Ai wannan shi ne fim ɗin! Darakta, a matso da kyamara, a ƙara masa magana. Doguwa, mai wuyar faɗa."

"Oga, wannan ba wasa yake yi ba. Ciwo ne."

"Ka ga yadda mutane suka yi dariya kuwa?"

"Na gani. Ai ko akuya ka ɗaure wa ƙafa za a yi dariya. Ni ba shi nake yi ba."

Oga ya ɗaure fuska, ya ce to a tambayi mai abin. Aka juya wajen Tela. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, kowa ya yi tsit yana jira, kuma Darakta ya tsinci kansa yana ƙirga shirun bisa sabo, har ya wuce goma.

"Mutumina," Tela ya ce, "wata biyar ana kallona ana cewa sannu. Na gaji da sannu. Yau an yi dariya. Ka bar ni."

"Ba kai ka ba su dariyar ba, Tela."

"Na sani. Kana tsammanin ban sani ba? Ɗinki ba zai yiwu ba, hannun ya tafi. Wannan fuskar kaɗai ta rage mini, ita ma rabi."

Darakta ya tsaya da hankicin a hannu. Can ya koma kujerarsa, bai dubi kowa ba ya ce wa mai kyamara, "Matso."

A ɗakin tace fim ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya zauna kwana huɗu da edita, suna yanke duk inda yawu ya fito, suna mayar da hoton nesa a inda ya samu. Oga ya kalla sau ɗaya, ya sa aka dawo da komai, tunda fim ɗin nasa ne. Darakta ya ce to a cire sunansa. Tela ya ji labari ya kira shi a waya, ya ce in ya cire sunansa mutane za su ce ya guje shi don ya nakasa. Sunan ya zauna.

Fim ɗin ya karɓu fiye da duk wanda suka taɓa yi. Aka yayyanka shi guntu-guntu ana turawa a waya. A layin shan mai Darakta ya ga wasu mutum uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ɗayansu yana karkata baki yana kwaikwayo. Mai zuba man ya gane shi ya ce, "Darakta, wannan karon kun ƙure basira!" Ya ce masa ya gode.

Bai sake ɗaukar Tela ba, amma hakan bai hana komai ba. Wasu daraktocin suka yi layi a ƙofar gidan Tela, kuma su ba sa ma rubuta labari, zaunar da shi kawai suke yi su ba shi magana mai wuya. Shi kuma Darakta ya yi fim biyu da sabbin 'yan wasa, yana ta koya musu ƙirga uku, suna cewa to, in kyamara ta tashi su koma ihunsu.

Babbar 'yar Tela, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta zo ta same shi a gida. Ta gaishe da matarsa, ta zauna a bakin kujera, ta ce, "Baba Darakta, ɗalibaina suna kwaikwayon mahaifina a aji, ba su san ni 'yarsa ba ce. In ya dawo daga wajen ɗaukar nan ko cokali ba ya iya riƙewa. Mun yi magana ya ƙi ji. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Ya yi mata alkawari zai je.

Ya je da safe. Ya tarar da Tela zaune a bakin gado, an yi masa aski, yana fama da maɓallin riga da hannu ɗaya, yana ɗan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Motar da za ta ɗauke shi ta lalace, ga shi ana jiransa ƙarfe tara. Da ya ga Darakta sai rabin fuskarsa ya washe.

Darakta ya durƙusa ya saka masa maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya sa masa takalmi. Ya riƙe shi har mota, ya kai shi wajen ɗaukar, ya taimaka masa ya sauka. Bai shiga ba. Ya zauna a mota da gilashi a rufe, duk da zafin da ake yi.

Wayarsa ta yi ƙara. 'Yar Tela ce.

"Baba, ka yi masa maganar?"

"Ban samu dama ba tukuna, 'yata," ya ce. "Sai dai ko gobe."